Mai Jiran Jinga

Fannami yana tsugune a gindin jinga, ya juya wa kogi baya, sai ga Bulama, mai garin, tare da ƙaninsa Kawu, wani ƙaton masunci.

"Baba Fannami, kogi aka ce ka tsare, kai kuma ka ba shi ƙeya?" in ji Bulama. "Ruwa ya cika ya batse! Daga gobe Kawu zai karɓe ka, shi idonsa da sauran ƙarfi."

Maganar ta yi wa tsohon ciwo, wallahi. Damina ashirin da uku yana jiran jingar nan da ta raba kogin Haɗeja da fadamar shinkafar ƙauyen. Amma ko ɗagowa bai yi ba. Ya kamfato ruwan da ke tsattsafowa ta ƙarƙashin jingar, ya miƙa tafin hannunsa.

"Duba nan, ranka ya daɗe."

"Ai kullum tana tsattsafo."

"Na jiya garau yake, wannan kuwa da laka. In ya fito da laka, cikinta yake ci. Ɓera ya yi mana rami."

Bai jira amsa ba, ya suri kugen ƙarfe na kiran gangami ya dinga duka. Kai, zo ka ga mutane! Maza da fatanya, mata da kwandunan ƙasa, wani ma ko hannun tuwo bai wanke ba. Fannami ya hau jingar, ya watsa ƙaiƙayi a kan ruwa, ya bi shi da ido har inda ya fara juyawa yana nutsewa.

"Ga bakin ramin nan."

Kawu ya faɗa ruwan da tsohuwar tabarma don ya toshe ramin. Sau bakwai yana nutso, ana miƙa masa laka. Kafin la'asar tsattsafon ya koma garau, shinkafa ta tsira.

Mata suka rangaɗa guɗa, aka ɗaga Kawu sama, Bulama ya tuɓe rigarsa ya sa masa. Fannami kuwa babu wanda ya ko ambaci sunansa. Ya rataya kugensa, yana tunanin yadda zai faɗa wa matarsa Aisa cewa an sallame shi.

Sai ga Kawu, haƙora na kaɗawa don sanyi, ya durƙusa.

"Yaya," ya ce da Bulama, "ni nutso na iya. Da ni ke jiran jingar yau, sai na ga kifi a gonarka zan san ta ɓalle. A bar wa Baba aikinsa, in zauna kusa da shi."

Bulama ya sosa gemu, ya kau da kai, ya ce, "To, an bar masa."

Fannami ya dubi Kawu sama da ƙasa.

"Gobe ka zo da hantsi. Rigar nan kuma ka bar ta a gida, laka za ka sha."