Furen Gwangwanin Fenti

Akwai wani mai gyaran agogo, mutum ne da zai hango notin da bai kai ƙwayar yashi ba, amma ka tambaye shi kalar labulen ɗakinsa, sai ya hau sosa ƙeya. Sai bayan rasuwar matarsa ya fara kula da furen da ta bari a baranda, cikin tsohon gwangwanin fenti. Shekara da shekaru yana wucewa ta gefensa, bai taɓa ganin ya bushe ba.

Ga shi yanzu ya langaɓe. Ya ba shi ruwa har ya yi yawa, ya kai shi inuwa, ya dawo da shi rana, duk a banza. Tsoro ya kama shi, don a gidan nan babu sauran abu mai rai da hannunta ya raina sai wannan. Ga kuma tambayar da ta hana shi sakat: shin tsiro ma yana sanin mai shi ya tafi?

Ya rungumi gwangwanin sai bakin titi, wurin wata dattijuwa mai sayar da furanni. Ta juya ganyen, ta tsoma yatsa a ƙasar.

"Malam, wannan ai ya gama kwanansa. Irinsu 'yan watanni suke yi."

"Haba, Hajiya! Tun gashina yana baƙi yake barandarmu."

Ta ƙura wa gwangwanin ido, ta shafa inda ya lotsa a gefe. "Matarka doguwa ce, mai wushirya?"

 Ya ce ita ce, kuma Allah ya yi mata rasuwa.

Dattijuwar ta yi salati, ta yi mata addu'a, sannan ta ce, "Gwangwanin ne dai ɗaya. Duk sanda na ciki ya mutu, wurina take kawo shi in sa mata sabo. Ba ta taɓa ɗaukar iri ɗaya sau biyu ba. Kuma masu kyan nan na gaba ba sa gabanta, sai ta zagaya baya ta zaɓo karkatacce wanda kowa ya ƙi."

"To ni me ya sa ba ta taɓa gaya min ba?"

"Na tambaye ta. Dariya ta yi, ta ce jira take ta ga ranar da za ka lura."

Ya dubi layin tukwanen. Ja ne da fari da ruwan ɗorawa, amma ko jajayen babu biyu da suka yi kama: wani ya wangale baki, wani ya sunkuyar da kai. 

"In sa maka wani?" in ji ta.

Ya jawo benci ya zauna, gwangwanin a cinyarsa.

"Tukuna, Hajiya. Na farkon da ta ɗauka, yaya yake?"