Sakatar da Na Tsoma a Ruwa

Ni mai walda ne, kuma ba yabon kai ba, na iya. Shekara goma sha tara ina ƙona ƙarfe a rumfa ɗaya, tsallaken titi da garejin da Yayana yake gyaran manyan motoci. Makanikai kowa suke rainawa, amma in ƙarfe ya fi ƙarfinsu wurina suke zuwa, suna sosa ƙeya. Yaya kuwa har yau Auta yake kirana, alhali furfurata ta kusa kamo tasa.

Jak ɗin garejinsu ba irin na ƙaramar mota ba ne. Mutum biyu ke turo shi, yana ɗaga gaban tifa sama da ƙugun mutum. Mai ne ke ɗaga shi, shi kuwa mai ba abin yarda ba ne: roba ɗaya ta gaji a ciki, sai ya sulale, mota ta sauko. Shi ya sa masu ƙera jak ɗin suka huda ramuka a jikin sandarsa, suka yi masa sakata ta ƙarfe mai kaurin yatsa biyu. In an ɗaga mota sai a zura sakatar a rami. Ko man ya gudu, nauyin a kanta zai zauna.

A garejin nan ba mai shiga ƙarƙashin mota sai ya ce, "Sakata?" Wanda ke riƙe da jak ya amsa, "Ta shiga." Mai amsa wa Yaya kullum shi ne abokin aikinsa, wani siririn mutum mai 'ya'ya mata uku da ake kira Sannu-sannu. Sunan ya bi shi. Noti ɗaya sai ya ɗaure ya sake taɓawa, har Yaya ya ce da shi, "Kai dai ranar da za ka mutu sai ka koma ka duba ko ka mutu da kyau." Shi kuma ya yi murmushi ya ci gaba da taɓe-taɓensa. Shekara goma sha ɗaya suna tare, Yaya bai taɓa leƙa ramin da kansa ba.

Wata ranar Talata sakatar ta ɓata. Wani direba ya ara zai buga wani abu, ta bi shi ta tafi. Da tsakar rana sai ga Yaya a rumfata da guntun ƙarfe na tsohon aksul ɗin tirela, yana haɗa gumi.

"Auta, yi min sakata. Yanzu."

"Yanzun nan? Ba ka ga ƙofar mutane a hannuna ba?"

"Ƙofa ba ta gudu. Mota na jira, mai ita ya tsaya min a wuya."

Na yanka ƙarfen, na goge shi daidai kaurin ramin, sannan na yi masa gwaninta, na lanƙwasa zobe na manna a kai don ya yi daɗin ja. Ƙarfen ya sha wuta har ya yi ja. Duk wanda ya taɓa riƙe walda ya san irin wannan ƙarfen ba a yi masa gaggawa. Ajiye shi ake yi a yashi ya huce da kansa. In aka tsoma shi a ruwa da zafinsa, zai yi tauri a ido, amma ya zama mai saurin tsinkewa kamar kwalba. Na san wannan tun ban fara aske gemu ba.

"Sai ta huce," na ce.

"Har yaushe?"

"Ba ni awa ɗaya."

"Awa ɗaya! Kai Auta, haihuwarta za ka yi? Ga bokiti nan a gabanka."

Bokitin da nake tsoma hannun ƙofa da ƙafar kujera ne, abubuwan da ba sa ɗaukar ran kowa. Hannuna ya saba. Na tsoma ta, ta yi cuuu, tururi ya tashi, na miƙa masa. Ya cilla ta sama ya cafe, ya ce ta fi ta kamfani kyau. Na ji daɗin maganar, wannan ma ba zan ɓoye ba.

Ta yi aiki wata biyu da 'yan kwanaki. Ranar da abin ya faru da safe ne, ina tsaka da yankan kwano na ji ƙara kamar an yar da ganga daga bene, sai kuma ihu. Na tsallaka titi ban duba mota ba. Gaban tifa ya sauko, Yaya yana ƙarƙashi daga cinya zuwa ƙasa, idonsa a buɗe, bakinsa yana motsi ba sauti. Aka jawo wani jak daga maƙwabta, aka ɗaga, aka ja shi, aka saka a mota. Kowa ya bi motar da gudu har bakin titi, har da Sannu-sannu yana riƙe da takalmin Yaya ƙafa ɗaya.

Ni kaɗai na waiwaya. A gindin jak ɗin, cikin baƙin mai, na ga zoben da na lanƙwasa da hannuna da ɗan guntun ƙarfe a jikinsa. Ɗaya guntun yana can gefe kusa da taya. Na ɗauka na duba bakin karayar. Ƙarfe mai lafiya in ya gaza lanƙwashewa yake yi, ya ja jiki, ya ba mutum lokaci. Wannan a tsinke yake tsaf, yana ƙyalli, da tsaki-tsaki kamar sukari. Ban buƙaci kowa ya karanta min ba. Na zuba guntayen a aljihu. Da yamma na jefa su cikin tarin ƙarafunan da mai sayen tsofaffin ƙarfe ke kwashewa, washegari ya zo ya kwashe.

Likita ya yanke ƙafar dama daga gwiwa. Ta hagu aka bar masa ita, amma ba ta jin magana.

Kwana uku bayan haka mai gareji ya tara ma'aikatansa. Mutum ne da bai taɓa sayen sabuwar roba ba sai tsohuwa ta fashe a idonsa, amma ranar ya zama malamin kiyaye haɗari. Ya nuna ramin jak ɗin da sanda.

"Ina sakata? Da an sa ta, da ga ta nan a ciki ko a ƙasa. Kai, ina take?"

"Na sa ta," in ji Sannu-sannu. "Wallahi na sa."

"To ta yi fiffike ke nan."

"Maigida, ya ce sakata, na ce ta shiga."

"Wannan kowa ya ji. Bakinka ya ce ta shiga. Hannunka fa?"

Wani ya ce ai maganar da mutum ke faɗa sau ashirin a rana, baki kan faɗe ta da kansa ko zuciya tana wani wuri. Wani ya ce ya ga kamar tun ana gobe abin zai faru sakatar ba ta wurin da ake rataye ta. Makanikai in sun samu wanda za su ɗora wa laifi, tunaninsu kaifi yake yi. Ina tsaye a bakin ƙofa, na yi gum. Aka ce Sannu-sannu ya tattara sifanoninsa. Ya jera su a akwati ɗaya bayan ɗaya daga ƙarami zuwa babba, ya rufe, ya sake buɗewa ya duba, ya fita.

Labari ya riga shi zuwa sauran garejoji. Ba wanda zai kwanta a ƙarƙashin mota ya bar ransa a hannun mutumin da aka ce ya manta sakata. Ya koma wankin mota a bayan tasha. Nakan hango shi in na je sayen wayar walda, wando a naɗe, yana goge gilashi ɗaya sau uku. Sai in canza hanya. Na tsani kaina a lokacin, kuma abin kunya, shi ma na fara jin haushinsa don ya ƙi ɓacewa daga idona.

Da aka sallami Yaya daga asibiti, Sannu-sannu ya fara zuwa gidan kullum bayan ya tashi aiki. Ba ya shiga. Yakan zauna a kan dakalin ƙofar gida, ya ce wa matar Yaya a gaishe da mai jiki. Ita kuwa ta ce min in ya sake zuwa ruwan wanke-wanke za ta watsa masa.

"Ki bar shi mana," na ce. "Ƙaddara ce."

"Ƙaddara ce ta ce ta shiga? Kai dai ka cika sanyin hali. Da ma duk duniya irinka ne."

Na ce mata ina da aiki, na tashi. Ta biyo ni har ƙofa tana sa min albarka.

Na yi niyyar faɗin gaskiya, sau nawa ma. In na buɗe baki sai Yaya ya riga ni. Ya ce tun muna yara shi ke kare min faɗa, ga shi yau ni ne ƙafarsa. Ya ce in ba don ni ba bai san yadda zai yi ba. Mutum ya gama faɗin haka, ta ina za ka fara? Sai in ce ya sha maganinsa.

Wata huɗu aka yi haka. Ranar wata Asabar da la'asar ɗakin ya yi zafi, Yaya ya ce in fitar da shi tsakar gida. Na durƙusa ya kama wuyana, na goya shi zuwa inuwar bango, na zaunar da shi a tabarma na jingina masa matashi. Ya yi nauyi a baya, ya yi sauƙi a ƙasa, har yanzu jikina bai saba da wannan ba. Ya daɗe yana kallon ƙofar gida.

"Yana nan?"

"Yana nan."

"Ce ya shigo."

Sannu-sannu ya shigo yana riƙe da takalmansa a hannu. Ya ƙara ramewa, hannuwansa sun yi fari fat saboda sabulu. Ya tsuguna nesa da tabarmar. Matar Yaya ta leƙo daga ɗaki, ta ja tsaki, ta tsaya a bakin labule.

"Na gaji da riƙe ka a raina," in ji Yaya. "Yana hana ni barci. Na yafe maka."

Sannu-sannu ya sunkuyar da kai. Na ɗauka zai ce ya sa ta, kamar yadda ya faɗa a gareji. Da ya faɗi haka da na ci gaba da yin shiru, na san kaina.

"Na gode," ya ce. "Da farko ina rantsuwa na sa. Na yi ta tunani, na yi ta tunani. Yanzu na tuna. Ban sa ba. Ina ganin ramin a idona, babu komai a ciki. Na gaya wa 'ya'yana ma, don kada su ji a waje su yi ta musu da mutane. Na ce musu babanku ne ya yi."

Wato ba aikinsa kaɗai na ƙwace ba. Mutumin da ke taɓa noti sau biyu, na sa ya ƙaryata hannunsa, ya je ya tsaya gaban 'ya'yansa ya amsa laifina.

"Ka sa ta," na ce.

Duk suka juyo.

"Ka sa ta har ƙarshe. Karyewa ta yi. Ni na tsince guntayen a gindin jak, na zubar. Yaya, ranar da na yi ta, a ruwa na tsoma ta da zafinta. Na san abin da ruwa ke yi wa wannan ƙarfen, na tsoma."

Matar Yaya ta saki labulen.

"Na sa?" in ji Sannu-sannu. Ba ni yake kallo ba, hannunsa na dama yake kallo. "Har ƙarshe?"

"Har ƙarshe."

Yaya bai ɗaga murya ba. Na so ya ɗaga, na so ya jefe ni da kofin da ke gefensa.

"Bokitin ni na nuna maka," ya ce. "Wannan da ka faɗa min a asibiti, da mun raba shi ni da kai. Wata huɗu kana shigowa ta ƙofar nan, kana tsallake shi a kan dakali?"

"E."

"Kana gaishe shi?"

"Ina gaishe shi."

Ya gyaɗa kai. Ya goge fuskarsa da tafin hannu, ya ce rana ta biyo shi, yana so ya koma ɗaki. Na matsa na durƙusa a gabansa, na ba shi baya, na jira hannuwansa a wuyana.

"Sannu-sannu," ya ce, "zo ka ɗauke ni."

Mutumin bai kai rabin nauyin Yaya ba. Sau biyu yana yunƙurawa gwiwarsa na komawa ƙasa, a na uku ya miƙe yana tangaɗi, suka nufi ɗaki taku ɗaya-ɗaya. Na miƙa hannu zan tallafa musu daga baya.

"Bari," in ji Yaya, bai waiwayo ba. "Zai iya."