Gauraki a Bayan Bagaruwa

Tun da damina ta sauka Nasiratu take zuwa tabkin da ke gefen gari, wanda ma'aikatan gandun daji suka zagaye da waya suka hana farauta a cikinsa. Takan zauna nesa da hanya ta zana tsuntsaye da fensir. In ta koma gida sai ta sa musu launi da fentin ruwa. Ba ta iya ƙaga abu daga kanta ba. Abin da idonta ya gani shi take sawa, har ciyawa da karyayyen reshe.

Bana gauraki biyu suka yi sheƙa cikin ciyawar ruwa, bayan wata bagaruwa da iska ta kwantar. Ba ta faɗa wa kowa ba. Ta dai zana su, su da 'ya'yansu masu gashi kamar auduga.

Tana sa musu launi a tsakar gida sai Kawu Tanimu, ƙanen mahaifiyarta, ya yi sallama. Shi ne ke kai wa manyan gidaje barewa da ɗawisu. Nasiratu ta taɓa ganin gauraka a irin gidajen nan, an yanke masa fiffike, yana ta zagaya gindin famfo.

"Sarauniyar kunya, mi kike ɓoyo? Miƙo in gani."

Ta miƙa masa da hannu biyu, kanta a ƙasa. Ya daɗe yana kallo. Bai kula da tukkun gaurakin ba, wanda ta yi safiya tana gyarawa. Yatsansa ya tafi can gefen takarda.

"Wagga ba hasumiyar masallacin unguwar gabas ce ba? Ga kuma bagaruwa kwance." Ya yi 'yar dariya. "Hannunki ya fi waya ɗaukar hoto, ɗiyata."

"Kawu, tsohon zane ne."

"Tsoho, ga fenti na bin yatsana?"

Mahaifiyarta ta kira shi daga rumfa. "Tanimu, bar mini ɗiya haka nan, tuwo na hucewa."

Ya ajiye takardar a kan tabarma. "Bari ya bushe, da shi zan tafi."

Yana juya baya ta tsoma buroshi cikin ruwa ta shafa. Bagaruwar ta narke, hasumiyar ta koma laka. Amma layin fensir yana nan a ƙasan launin, sarai. Ta dinga gogawa da yatsa har takardar ta huje.

Da ya fito yana goge hannu, ya dubi ramin da ke tsakiyar zanen, ya dube ta. Bai yi faɗa ba.

"Ba komi," ya ce. Sannan ya waiwaya wajen rumfa. "Yaya, babban kwandon nan naki na rufe 'yan tsaki, ara mini shi zuwa gobe."