Wankan Abdulwahid

"A hankali, Bello, ba motar kafili ubangidanka kake wankewa ba," in ji Na'ibi, ya karɓe butar daga hannun mai taya shi wankan. Gawar maƙwabcinsu Abdulwahid ce a kan katako, a ɗakinsa na ƙasan bene a unguwar Ammariyya ta Jidda, fanka tana ta juya zafi.

Shekara huɗu Abdulwahid, mutumin kudancin Filifin, yana gyaran rediyo a lungun. Siriri ne, marar magana. Hakan ya yi wa Na'ibi daidai, don shi duk Jidda ba a kai shi surutu ba. Matarsa Mastura kan ce in ana son labari ya isa Khumra, can ƙarshen gari, kafin la'asar, a gaya wa Na'ibi, a ce masa sirri ne.

Sai da ciwo ya kwantar da Abdulwahid ya buɗe baki, da guntun Larabcinsa. Ashe a daji ya yi yaƙi da sojan gwamnati. Da aka harbe shi a kafaɗa, uwarsa ce ta ciro harsashin da wuƙar kifi, ta ɗinke. Sannan mutanen gidan suka shaida wa soja ya nutse a teku, suka yi makoki har da sadakar bakwai, shi kuwa yana cikin kwalekwale yana tserewa. Har yanzu ƙannensa mata ke kai wa 'yan daji shinkafa a ƙarƙashin kayan wanki.

"A can na riga na mutu, ya Na'ibi. In aka ji na sake mutuwa a nan, su za a kama."

Yanzu a wurin wanka, Na'ibi ya ga tabon. Ɗinkin a jere yake, hannun uwar bai yi rawa ba. Ya ja likkafani ya rufe.

Suna dawowa daga maƙabarta sai ga wani ɗan ƙasar mamacin, da kwat a cikin wannan rana.

"Ya Hajji, kai ka wanke shi? Da tabo a kafaɗarsa ta hagu? Wani ɗan'uwa muke nema."

Labari mafi daɗi a duk rayuwar Na'ibi ya hau kan harshensa ya zauna. Ya haɗiye shi da yawu, har da tari.

"Ya akhi, mai wanka ba ya faɗin abin da ya gani a jikin mamaci. Amma in tabo kake so, halas, shi ke nan, ga nawa."

Ya ɗage riga, ya nuna gwiwa. Ya faro daga jakin mai ruwan da ya harbe shi yana ɗan shekara tara, ya bi ta kan asalin jakin da halin mai shi. Labarin bai kai ga asibiti ba baƙon ya tuna yana da alƙawari.

"Me yake so?" Mastura ta tambaya daga taga.

"Hanya ya ɓata."

Takalman Abdulwahid na nan a bakin ƙofa, cikin rana. Na'ibi ya karkaɗe su, ya mayar da su inuwa.