Bujen Ramar Mamuda

Duk Roni an san ba a barin rama a ruwa ta wuce kwana bakwai. Dela ta fi kowa sani, don ita ke saƙa bujen rama da masu rawar kalankuwa ke ɗaurawa in an gama girbi. Amma bana haihuwar 'yarta ta tsare ta a Gwiwa, ramar ta kwana goma sha biyu a kududdufi. Da ta dawo ta ɓare ta, sai ga zare fari tas, gwanin sha'awa. Ta ja, ya tsinke. Saura kwana uku a yi kalankuwa, ina za ta samo wata? Ba ta gaya wa kowa ba, ta hau saƙa da ita haka nan.

Ƙaninta Mamuda ne zai ja gaban rawa, a gaban hakimi, a gaban surukansa. In bujen nan ya zube, daga shi sai bante, har jikokinsa sai an yi musu waƙa da shi. Mutanen Roni ba su da mantuwa a kan irin wannan.

Ran kalankuwa da la'asar ganga ta ɗauka. Mamuda da ma bai iya rawar hankali ba. Ya daka tsalle, ya juya, buje ya buɗe kamar faifai. Jama'a na sowa, ana watsa masa kuɗin wuri. Dela kuwa idonta na kan igiyar ƙugunsa. Ta ga sili ɗaya ya ɓalle, ta ga na biyu. Buje ya fara saɓulowa ta hagu, makaɗi kuma, kamar an aiko shi, ya ƙara wuta.

Ba ta san sa'ad da ta tsaga taron ba. Ta rangaɗa guɗa, ta cire mayafinta ta ɗaure masa a ƙugu tamau, kamar mai yi masa kara. Mata suka amsa guɗar, hakimi ma ya murmusa.

"Yaya, kin matse ni," in ji Mamuda ƙasa-ƙasa.

"Yi rawarka, kada ka taɓa shi."

Ya gama lafiya. Suna shiga zauren gida ya kwance mayafin, buje ya zube a ƙafarsa. Ya daɗe yana kallonsa, gumi na ɗiga.

"Kin sani tun kafin ki ba ni?"

Kunya ta rufe ta. "Na sani."

"Da kin faɗa mini, Yaya, ai da wandona zan yi rawar."

Ya ninke mayafin ya miƙa mata da hannu biyu, bai dubi fuskarta ba.