Lemo Mai Sanyi a Makera

Nicholas na tsugune a bayan ƙofa yana juya ruwan bokiti da muciya, gumi har cikin ido. An kwana biyu babu wuta a Makera, mai ƙanƙara ya rufe shago, ga shi yau Baba Ayuba, mahaifin Hephzibah, zai zo ya ga mai neman 'yarsa kafin ya ce e ko a'a. Tsoro ya cika Nicholas. Ina shi ina miƙa wa suruki lemo mai ɗumi?

Amma fa malamin kimiyya ne, kuma ba ya bari a manta. Ya san farin takin zamanin nan mai kama da sukari, in ya narke sai ya zuƙe zafin ruwa. Ga kuma buhun takin da Baba Ayuba ya saya jiya, Hephzibah ta ajiye a ɗakin Nicholas saboda yana kusa da tasha. Kofi ɗaya, wa zai sani? Kwalaben lemon da ya jiƙa a bokitin suka ƙi yin sanyi, ya ƙara, ya sake ƙarawa. Kafin ya farga buhu ya koma rabi.

Baba Ayuba ya iso tare da 'yarsa. Nicholas ya wanke kwalba tas, ya miƙa da hannu biyu. Tsoho ya kurɓa ya lumshe ido.

"Kai, har haƙori! Yaro, janareta gare ka?"

"A'a Baba, ilimi ne kawai."

Hephzibah ta yi masa ido ya tsaya nan. Ina! Malami ya samu ɗalibi.

"Ka ga Baba, wasu abubuwan in sun shiga ruwa zafi suke fitarwa, kamar sodar sabulu. Wasu kuwa shanye zafin suke yi, kamar taki."

"Wane takin?"

Tsoho ya juya ya daɗe yana kallon buhunsa, sannan ya leƙa bokiti.

"Malam, ƙarfinsa ya mutu?"

"Yana nan cikin ruwan, Baba," in ji Nicholas.

"Madalla. Ka ɗura a jarka, Asabar ka kawo mini ƙauye, ka bi masarata gindi-gindi ka zuba. In ta yi kyau, sai mu yi maganar aure."

Ya miƙo hannu.

"Ba ni ɗayar kwalbar kafin ta yi zafi."