Ƙugiyar Illo Mai Yasa

Igiyar ta yi sako-sako a hannun Tambari maƙeri, sai ya ji faɗuwar mutum daga can ƙasa, kamar an yar da taikin gero. Su uku ne ke riƙe da ita a bakin rijiyar Ƙofar Rini, duk suka yi baya taga-taga.

Tambari ya leƙa. "Illo, kana jina?"

Babu amsa sai motsin ruwa. Can wani nishi ya taso.

Illo maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ta raba su. Yasar rijiya ce sana'arsa, da wuya a sami rijiya cikin ganuwar Sakkwato da bai san gindinta ba. Da ƙyar wani mai ƙarfin hali ya sauka ya ɗaure shi da zane, aka jawo shi sama, ƙafafunsa na lilo kamar ba nasa ba.

Ana ɗora shi bisa ƙyaure, Tambari ya duba bakin igiyar. Ba ta tsinke ba. Ƙugiyar da Illo ke maƙalawa a ɗamararsa ce ta karye a wuya. An naɗe wuyan da jan ƙarfe, yana ta ƙyalli abinsa, baƙin ƙarfen da ke ƙarƙashi kuwa ya cinye, ya koma kamar tsinke. Tambari ya gane jan ƙarfen nan. Munduwar Tani ce, matar Illo. Ya kwance ƙugiyar ya jefa aljihu.

A gida mai ɗori ya zo, ya lalubi bayan Illo, sannan ya fita. Tani ta bi shi zaure tana tambaya. Tambari ya matso kusa da tabarmar da Illo ke kwance.

"Ƙugiyar nan, kai kan naɗe ta?"

"Ni na," in ji Illo, numfashinsa na yankewa. "Bara tat tsage kaɗan, kana Wurno. Tani tab ba ni munduwatta, tac ce ruwa ba shi cin jan ƙarhe."

"Ba shi cinai. Amma in ka gama su biyu cikin ruwan zartsi, baƙin shi ka ɗaukar ciwon duka. Jan shi zamna lahiya, baƙin shi ƙare. Na sha ganin haka ga ƙusar da aka bugawa ga tasar jan ƙarhe."

Illo ya rufe ido. Da ya buɗe, ya kamo bakin rigar Tambari.

"Kak ka bari ta sani."

Kafin Tambari ya amsa, Tani ta ɗaga asabari ta shigo da ƙoƙon ruwa. Ta durƙusa ta ba mijinta, rabi ya zube a gemunsa. Ba tare da ta juyo ba, ta kira Tambari da sunan 'yarsa.

"Baban Sadiyatu, an ce igiya ba ta tsinke ba. To, mi at tsinke?"

Tambari ya ji nauyin ƙugiyar a cinyarsa. Idon Illo na kansa.

"Ƙarhe na, Tani. Ya tsuhwa."

Sai a lokacin ta juyo. Ta dube shi har ya sunkuyar da kai. Hannunta ya kai wuyan ɗaya hannun, inda munduwar take a da, ya tsaya a nan. Ta dubi mijinta. Ta sa gefen zanenta ta share masa gemu.

Illo ya cika ana kiran la'asar, yana biye da kalmar shahada da Tambari ke karanta masa. Kafin rana ta faɗi an kai shi.

Da suka dawo daga maƙabarta, Tambari ya ratse maƙera, ya tura ƙugiyar can cikin toka, ya rufe. Ya fito zai shiga zaman makoki, sai ya tarar matan unguwa sun jera tuluna a ƙofar gidan Illo. Ba wadda ta ɗebo a rijiyar Ƙofar Rini, daga nesa suka ɗauko. Tulunan na tsatsafa, ƙasar gindinsu ta yi duhu.